Ki Je Ki Zauna a Shagon Alhaji Mamman

Rahila 'yata,

Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ko da yake bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki. Ina gajiyar haɗa kaya? Ubangijin da ya tsare ki tun kina goye a bayana ya tsare ki a hanyar birnin Charlotte. Ya kiyaye ki daga haɗarin mota da mugun abokin aiki, ya haɗa ki da maƙwabta masu tsoron Allah. Amin.

Za ki ce me ya sa Mama ta rubuto wasiƙa alhali muna gida ɗaya. In na fara magana da Hausa sai ki amsa da Turanci, kafin in gama juya amsarki a kaina kin ɗauki makullin mota. A takarda ba mai katse ni. Kin san ban riƙe alƙalami ba sai da kika shiga firamare, a ajin zumuntar mata na coci, saboda haka hannuna a hankali yake tafiya. Ke ma karatun Hausarki a hankali yake. Mun yi daidai.

Ranar Talata muna cikin mota a titin Gate City Boulevard kika gaya mini abin da ya hana ni sukuni. Kin ce kamfanin da ya ɗauke ki aiki, mai sayen filaye yana gina ƙananan gidajen abincin nan da ba a shiga cikinsu sai dai a tsaya da mota a taga, shi ne ya sayi tsohon jerin shagunan da Alhaji Mamman yake ciki. Za a rushe. Kin ga zanen da idonki. Sai kika ce ranar Lahadi za ki tafi ba tare da kin je kin yi masa sallama ba, wai ba za ki iya kallon fuskarsa ba, in kin isa Charlotte za ki tura masa saƙo ta waya. Na yi shiru a motar saboda kina tuƙi. Yanzu ga amsata.

Da fari, aikin nan ki riƙe shi hannu biyu. Ba don in hana ki tafiya nake rubutu ba. Kin yi karatun, kin ci jarrabawar, kuma ba sata za ki yi ba. Mai gini da yardarsa ya sayar. In kamfaninku bai saya ba wani zai saya, domin duk mai ido ya ga inda titin nan ya dosa. Da muka zo garin nan na Amurka, tun ana kiran titin High Point Road, dogayen jerin shaguna ne da faffaɗan wurin ajiye mota, mai kayan miya kusa da mai ɗinki, mai ɗinki kusa da mai aski. Yanzu ki duba. Ɗan gini kamar akwati, ba kujera ba tebur, layin motoci ya kewaye shi yadda ɗankwali yake kewaye kai. Wannan na kofi, wancan na soyayyar kaza, na gaba na lemo mai ƙanƙara. Ke kika koya mini dalili: fili kaɗan suke ci, ma'aikata kaɗan, ba mai sharar tebur, kuma mutum ya saya ya wuce kafin abincin ya huce. Har kika ce mai kofi yana neman gefen titin da mutane suke bi da safe in za su aiki, mai kaza kuma gefen da suke bi in za su gida. Na yi dariya ni kaɗai a kicin. Ashe shekara da shekaru ina zaune a gefen safe, ni kuwa sai rana ta take nake buɗe shagona, don tuwo ba ya son gaggawa. Wannan ilimi ne, 'yata, kuma ina alfahari da kina da shi.

Amma akwai abin da ba a koya miki a makaranta ba, wanda na koya a shagon nan nawa da aka rushe kina sakandare. Ke abin da kike tunawa ƙanshin miyar kuka ne, da yadda kike tsallakawa shagon Alhaji da ke manne da nawa, ki hau buhun shinkafarsa ki yi aikin gida. Bari in gaya miki yadda na yi ta tuntuɓe a lokacin, ko za ki ga inda duwatsun suke.

Mai wancan ginin wata tsohuwar Baturiya ce da ke zaune can bayan gari a Pleasant Garden, a wani gida mai faɗin fili da sai ka yi tafiya a mota daga titi kafin ka kai ƙofarsa. Duk Kirsimeti sai in soya mata masa, in haɗa da miyar taushe, babanki ya kai ni. Tana murna ƙwarai. Ta koyi cewa "na gode", ta kan riƙe hannuna ta ce muddin tana da rai ba mai tashinmu. Ni kuwa na ɗauka magana ta ƙare, domin a inda na fito wanda ya ci abincin hannunka ya yi maka alkawari, ya ɗaure kansa da 'ya'yansa. Mutane suna ce mini in nemi wani wuri in ajiye a zuciya, ina cewa ba buƙata. Da tsufa ya ci ƙarfinta 'ya'yanta suka kai ta gidan kula da tsofaffi, suka sayar da ginin. Ba su taɓa cin masata ba, ba su san sunana ba.

Babanki ya ce, "Saratu, ke da kika ɗauka masa ce takardar haya, ai sai ki soya wa katafila ita ma."

Na ce, "Kai da kake cinye rabi a hanya, da me za ta ƙoshi?"

Mun yi dariya, amma kuka ne a ƙarƙashinta. Tsohuwar ba ta yaudare ni ba. Ta faɗi abin da zuciyarta take so, ba abin da hannunta yake iyawa ba. Ke ma za ki zauna gaban mutane masu kirki, su ba ki ruwa, su tambayi iyayenki, zuciyarki ta yi laushi. A nan ne baki yake sakin alkawari. Kada ki ce wa kowa "zan ga abin da zan yi" in kin san ba abin da za ki yi. Mutum ya kan gina ɗaki a kan wannan 'yar kalma, ya sa mata rufi.

Bayan an sayar, wata rana aka kafa wani allo a kan ciyawar bakin titi. A lokacin Turancina na karatu bai yi ƙarfi ba, amma na tsaya na haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya har na gane. An ce za a yi taro a ofishin birni a kan canza amfanin filin, ga rana ga lokaci. Na karanta, na fahimta, ban je ba. Kin san me ya hana ni? Ba a gayyace ni ba. Ba wanda ya zo ya yi sallama ya ce, "Maman Rahila, ana nemanki." A gidanmu an koya mana cewa mace mai mutunci ba ta kutsa kai taron manya sai an aiko. Alhaji ma haka ya ce, wai taron masu gini ne, mu 'yan haya mene ne namu a ciki. Daga baya wata mai wankin kai a ƙarshen jerin namu ta gaya mini ta je ita kaɗai, aka ba ta lasifika ta yi magana, har aka rubuta abin da ta faɗa. Ta ce da mun zo da yawa, ko ba a fasa rushewar ba, da an ji mu a kan lokacin tashi. Ashe a ƙasar nan allon shi ne ɗan aike. Kunyar da ta yi mini ado a gida, a nan ta rufe mini baki.

Ke yanzu za ki riƙa shiga irin wannan taro, ki zauna a gefen masu zane. In kika ga kujerun 'yan unguwa ba kowa, kada ki ce sun yarda. Wataƙila akwai wata Saratu a shagonta, ta karanta allon tsaf, tana jiran a aiko.

Da aka rushe, na daɗe ban bi ta wurin ba. Wata rana motarmu tana gareji, na hau bas daga tashar cikin gari, na sauka daidai wurin ba da niyya ba. Ana yayyafi, ga sanyi. Sai na ga ɗan akwatin kofi a daidai inda murhuna yake a da. Na ce bari in sha abu mai zafi, in ga abin da ya gaje ni. Na zaga ginin ina neman ƙofa, ban samu ba sai ta ma'aikata. Sai na shiga layi da ƙafata, mota a gabana mota a bayana, ina riƙe da lema. Da na kai taga, yarinyar da ke ciki ta ce ba a sayar wa mai ƙafa, doka ce, don kada mota ta buge mutum. A kan filin da na tuƙa wa jama'a tuwo, aka ce ba zan sha kofi ba sai na zo da taya huɗu. Na zazzage mata duk abin da ke cikina, rabi Hausa rabi Turanci. Ta tsaya tana kallona, idonta ya cika da hawaye. Ba ta fi ki shekaru ba. Ba ita ta zana ginin ba, ba ita ta kafa dokar ba. Na sauke kayan fushina a kan wanda bai ɗora mini ba.

Shi ya sa nake murna da za ki zauna kusa da masu zanen. A titin nan akwai mutane da yawa da ba su da mota, sababbin zuwa, ɗalibai, tsofaffi, masu jiran bas da jarirai. In aka shimfiɗa zane a tebur, ki tambaya a ina mai ƙafa zai tsaya. Ba lallai su saurare ki ba tun kina sabuwa. Ki tambaya dai, ki sake tambaya a zane na gaba. Na ga wasu wuraren da aka yi wa 'yar taga a gefe da benci guda. Wani ne ya tambaya.

Kada ki ɗauka na tsani waɗannan gidaje. Na tsane su na wani lokaci, ina cewa abincin da ba a zauna an ci ba, ba ya zama a jiki. Sai ga shi na yi aiki a ɗaya daga cikinsu kafin in samu wannan na kicin ɗin makaranta. Daga cikin taga na ga abin da ban gani daga waje ba. Na ga uwa, yaranta uku sun yi barci a bayan mota, wadda in an ce ta sauko da su, gara ta haƙura da cin abincin. Na ga tsoho da keken guragu a bayan motarsa. Na ga ma'aikatan asibiti da idanunsu suka yi ja. Waɗannan mutane taga rahama ce a gare su. Manajan ya sha yi mini magana wai ina daɗewa da mutane, ina tambayarsu gida da yara, agogon da ke saman kaina yana yin ja. Ya yi gaskiya, na baya ma yana da yunwa. Na koyi gajarta gaisuwa. Taga tana da abin da ta dace da shi: kofi, kaza, canji. Akwai kuma abin da ba ya wucewa ta taga.

Wannan na bar shi ƙarshe domin shi ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Ranar da aka kawo mana takardar tashi, wani mutum ne ya zo daga sababbin masu ginin, da farar mota da ɗamarar wuya. Ya tsaya a gaban shagunanmu ya danna oda. Ni na fito ina goge hannu, na ɗauka mai sayen abinci ne. Alhaji Mamman ya fito daga nasa shagon ɗauke da kujera, yadda yake yi wa duk baƙon da ya tsaya a ƙofarsa. Mutumin bai kashe mota ba. Ya sauke gilashi rabi, ya miƙo takardu, ya ce mu karanta, lambar waya tana ƙasa. Ni da wautata na karɓa da hannu biyu har da rusunawa, na ce na gode. Ya ɗaga gilashi ya ja. Na juya na ga Alhaji, dattijo mai furfura, tsaye a tsakiyar filin mota rungume da kujera, bai san inda zai ajiye ta ba.

Da yamma ya leƙo shagona, da irin maganarsu ta mutanen Maraɗi ya ce, "Bon, Maman Rahila, gini nasu ne, in sun rushe ba su zage mu ba. Amma ko akuyar mutum ce ta mutu, a zaune ake gaya masa."

Na ce, "Alhaji, haka ƙasar take."

Ya ce, "A'a. Haka mutumin yake. Ƙasa ba ta tuƙa mota."

Ya kwashe kayansa ya koma inda yake yanzu, ya sake kafa butik ɗinsa, kamar yadda yake kiran shagon da Hausarsu ta Maraɗi. Ya sake tara jama'a. Bai taɓa yi mini ƙorafin asarar da ya yi ba. Amma har yau in aka tuna wancan lokaci, kujerar yake ambata.

Rahila, saƙon waya daga Charlotte gilashi ne da aka sauke rabi. Na san ba raini ne ya sa kike son yin haka ba, ƙauna ce da kunya. Amma Alhaji ba zai ga abin da ke zuciyarki ba, zai ga abin da hannunki ya yi. Mutumin nan shi ya rufe shago ya kai ni asibiti ranar da na yanke hannu babanki yana aiki. Da kika gama jami'a ya aiko miki da turmin atamfa, yana gaya wa duk mai sayen manja cewa 'yarsu ta zama injiniya. Na ce masa ba injiniya ba ce, harkar filaye da gine-gine ta karanta. Ya ce, "To ba gini ba ne? Injiniya ce." Rushewar za ta zo ko kin je ko ba ki je ba. Abin da ya rage a hannunki shi ne ta bakin wa zai ji, kuma a tsaye ko a zaune.

Daga baya na tambaye ki ko an hana ki faɗa, kika ce a'a, an riga an kai takardu ofishin birni, kowa yana iya gani, allo ma yana nan tafe. To ki riga allon zuwa.

Ki je ranar Asabar bayan ya dawo daga sallar la'asar, kafin abokan hirarsa su taru, don kada ya ji a gaban mutane. Ki ɗaura ɗankwali. Ki ajiye mota ki kashe ta, ki bar wayarki a ciki. Ba zan raka ki ba, babanki ma ba zai raka ki ba, domin in muna wurin mu zai kalla, ke kuma ki ɓuya a bayanmu. Ki yi sallama ki zauna inda ya nuna miki. Ki gaishe shi gaisuwa cikakkiya, ki tambayi Hajiya, ki tambayi ƙafarsa da ke damunsa, ki tambayi mutanen Maraɗi. Ki yi da Hausa ko tana karyewa. Zai yi miki dariya ya ce Hausar 'yan Amurka, ki bar shi ya yi. Kada ki yi sauri, amma kuma kada gaisuwa ta zama maɓoya. In ta ƙare ki ce, "Baba, na zo da magana mara daɗi. Kamfanin da ya ɗauke ni aiki shi ya sayi ginin nan, kuma za a rushe shi." Kada ki sa "wataƙila" a ciki. Kada ki ce ba laifinki ba ne, ya sani. Ki gaya masa za a yi taro a ofishin birni, ƙofar a buɗe take ga kowa, ba sai an aiko ba, ya je da maƙwabtansa su yi magana a kan lokacin tashi. Abin da ba ki sani ba ki ce ba ki sani ba.

Daga nan ki yi shiru. Wannan shi ne mai wuyar, kuma shi ne abin da kika je yi. Ki zauna cikin shirun tare da shi har sai shi ya yanke.

Ban san yadda zai karɓa ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Karo na biyu ke nan, kuma ƙarfinsa ba kamar da ba. Zai iya kau da kai. Zai iya daina ɗaga wayarmu na wani lokaci, kuma na shirya wa wannan. In ya faɗi magana mai zafi, ki haɗiye, ba ke yake faɗa wa ba. In ya ɗora tukunyar shayi bayan kin faɗa, kada ki duba agogo, ki zauna ki sha har kofi na ƙarshe. In bai ɗora ba, ki yi masa sallama yadda aka koya miki, ki ce kina neman addu'arsa a kan tafiya, ki tashi. Ko wanne ya faru, za ki shiga sabon ofishinki ranar Litinin da kanki a ɗage, kuma duk takardar da za a ba ki ki kai wa wani nan gaba, kin riga kin san yadda ake kai ta.

Babanki ya ga ina rubutu ya tambaya, na gaya masa. Ya ce, "Ba za ta je ba. Yaran ƙasar nan ba su da cikin zama gaban tsoho." Na ce masa bai san wadda na haifa ba. Ina da fargaba a kan abubuwa da yawa, kin sani, a kan babbar hanya, a kan wanda za ki haɗa gida da shi, a kan ko za ki riƙa cin abincin kirki. A kan wannan kam ba ni da ita. Ranar Asabar zan gama abincin rana da wuri. In na ji kin buɗe ƙofa da yamma, ba zan tambaye ki ina za ki ba.

Ubangiji ya sa albarka a fitarki da shigarki. Ya ba ki baki mai gaskiya da ƙafa mai nauyin zama. Ya tsare ki a hanya, ya tsare ki a ɗakin da za ki kwana, ya sanyaya zuciyar Alhaji, ya buɗe masa wata ƙofa. In kin isa ki kira ni da murya, ina so in ji da kunnena cewa kin sauka lafiya.

Mahaifiyarki,
Saratu